Na Jira Ɗakinki Ya Rage Mutane

Zuwa ga mai alfarma kakata, Iya Asabe ta Bukan Sidi,

Bayan sallama da miƙa girmamawa gwargwadon iko, mai wannan takarda shi ne mijin nan naki da kika sha alwashin kai ƙararsa gaban mai unguwa bisa laifin ƙaurace wa iyali.

Za ki tuna cewa duk ranar da na yi sallama ɗakinki cike da mata, sai ki ɗaga murya: "Ga angona mai kunnuwa kamar faifai!" Kowa ya san wasan kaka da jika ne, kamata ya yi in rama, in ce na gaji da amarya marar haƙori. Ni kuwa sai in kwashi maganar in kai ta wata babbar kotu da ke zama cikin kaina, inda ni ne mai gabatar da ƙara, ni ne alƙali, lauya kuwa bai taɓa halarta ba. Hukuncin kullum ɗaya ne: kai abin dariya ne, bakinka ma rawa yake yi.

Masu bibiyata a waya sun ɗauke ni gwarzon barkwanci. Ba su san mutum uku sun isa su sa in juya da baya ba.

Da kika kwanta ciwo, na zo, Iya. Wallahi na sha zuwa daga Akurba da ledar lemo. Sai in hango takalman 'yan dubiya jibge a ƙofa, zuciya ta ce za a kalle ka, za a tuntsire. In koma gindin mangwaro ina jiran a ragu. Ɗakinki bai taɓa raguwa ba, domin ke ta mutane ce.

A zaman makokinki, ƙawarki Mama Ngodoo, mai doya daga Assakio, ta kama hannuna. Ta ce duk wanda ya shiga sai kin tambaye shi: "Mijina yana waje? Ku bar shi, kunya ce, zai shigo."

Ashe kin sani. Ashe jirana kike yi.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya sa Aljanna ce makoma. In ya ƙaddara saduwarmu a can, ko taron ya kai na Arfa, zan yi sallama da ƙarfi in shigo.

Jikanki mai kewa,
Sabo