Baba da abincin Meziko

Asabar, bayan Isha'i

Yau Baba ya ci abinci. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, loma biyu yake yi ya ture kwano. Shekaranjiya ya ce ba abin da yake marmari sai tako, abincin mutanen Meziko da ya taɓa ci da aka tura shi kwas waje. A Bauchin nan!

'Yan ofis ɗinmu suka ce wata Rifkatu tana yi, amma ba ta da shago, ran Asabar kawai take kafa tebur, wurin ma canzawa yake. Wani mai keke a Wunti da ke ɗaukar mata kaya ne ya kai ni inda take a GRA.

Na tarar tana tattara kwanuka, saura tako biyu da ta ajiye wa kanta. Da ta ji labarin, ta naɗe min su. "Ki gaida Baba," ta ce.

Ya cinye tas, har da lasar yatsa, sannan ya ce, "Bai kai na can ba. Amma wani satin ki je da wuri."

Sai da na shiga kicin na yi kukana.