Zanen da Na Karɓa Daga Rahila

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Hannatu,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina hutawa a inda babu ciwon ƙafa, babu hawan jini. 'Yarki ta fari ce, Saratu, nake rubuto miki daga Azare. Na san ba ke za ki karanta ba. Masu bibiyata a wannan shafi nawa na intanet ne za su karanta, har da matan ikilisiyarmu. To, su karanta, na gaji da ɓuya.

Bayan tafiyarki an zaɓe ni shugabar zumuntar mata. Da kina nan da kin sha dariya, ni da kike cewa ko kaji aka ba ni kiwo sai sun yi ƙaura saboda faɗana. Yanzu ni ke tsayawa gaba kowace Alhamis, a hannuna kuma ake karɓar zanen zumunta, wanda kika yi shekara da shekaru kina ɗinka wa mata rigunansa.

Maganar Rahila ce, Mama, autarki. Kin bar ta da miji, shi ma bai daɗe ba ya bi ki. Ta koma ɗakin haya a gidan Hajiya Falmata, ita kaɗai. Bara ciki ya bayyana a jikinta, ba aure, mai cikin kuma ya yi ɓatan dabo. Dattawan ikilisiya suka sa ta a horo: ta zauna a bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, a kuma karɓi zanen zumunta sai ranar da aka maido ta. Ba wanda ya ce lallai ni zan je karɓa. Ni na ce zan je, don kada a ce Saratu ta kau da kai saboda ƙanwarta ce.

Na je ranar Alhamis da la'asar, tare da mata biyu. Muka tarar da ita a tsakar gida ta gama shiri, sanye da zanen, ta kashe ɗauri. Ashe ta ɗauka ko a baya aka ajiye ta, za ta iya zuwa ta yi waƙa da mu. Matan gidan suna nan, wata na daka, wata na tsintar shinkafa. Da na ja ta ɗaki mun yi magana a hankali, da shi ke nan. Amma a nan tsaye, da muryar da nake ba da sanarwa, na ce ta ba ni zanen.

Kin san zuciyar Rahila. Ba ta shiga ɗaki ba. A nan ta kwance shi, ta tuɓe rigar, ta miƙo mini, ta tsaya daga ita sai fatari, ga ciki a waje kowa na gani. Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Hajiya Falmata ce ta yi wuf ta fizgo zanenta daga igiyar shanya, ko bushewa bai gama yi ba, ta lulluɓe ta, ta tura ta ɗaki tana salati.

Ni kuwa, Mama, ninke zanen na tsaya yi. Baki da baki, yadda kika koya mini, na sa a jaka.

Tun ranar labarin da kika fi so ya hana ni sakat. Ina tuna ki a kan keke, allura a baki, kina ba mu labarin Adamu da Hawwa'u. Kikan ce da fari tsirara suke ba mai jin kunyar wani, don babu abin ɓoyewa tsakaninsu. Da suka yi zunubi, jikinsu bai canja ba, idonsu ne ya canja, kowa ya fara tsoron a gan shi. Suka harhaɗa ganyen ɓaure suka laɓe bayan itatuwa. Sai ki tsayar da keken ki ce, “Kowa na tuna korar, ba mai tuna ɗinkin.” Kikan ce Allah bai fitar da su daga gonar tsirara ba, sai da ya yi musu tufafi na fata da hannunsa. Fata kuwa ba ta samuwa sai an zub da jini, shi ya sa Yesu ya yarda aka tuɓe shi a kan gicciye, domin mu mu sami sutura.

Na koyar da wannan a gaban mata ban san sau nawa ba. Suna cewa na gaje ki.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Saura mako biyu aurena, na zo gwada farar rigar da kika ɗinka mini, ta ƙi rufuwa a ƙugu. Cikin wata biyu gare ni. Kika dube ni, kika dubi rigar, ba ki tambaye ni komai ba. Kika ce yadin nan ne mai tsukewa in ya shiga ruwa, alhali ko ruwa bai taɓa gani ba. Kika zauna kika farke ɗinkin gefe, kika ƙara ƙyalle ta ciki, kika kawo leshi kika rufe wurin. Na shiga coci da farar riga ana guɗa. Ban zauna bencin baya ko na Lahadi ɗaya ba. Da na haihu aka ce bakwaini ne, kika bar su a haka.

Wadda ta riƙe miki rigar kina farkewa, Rahila ce. Ta ga komai, ta gane komai. Ranar da ta tsaya a gabana da fatari, kalma ɗaya za ta furta in rasa inda zan sa kaina a garin nan. Ta kalle ni, na ga maganar ta zo har bakinta, ta haɗiye. Tana tsirara, ni take rufa wa asiri.

Bayan kwana biyu ta kwashe kayanta ta koma Misau, wajen wata gwaggon mijinta. A bakin Hajiya Falmata na ji ta sauka lafiya, 'ya mace. Ba ta aiko mini ba.

Makon jiya na daure na shiga mota na je. Na same ta a kan tabarma a inuwar darbejiya, tana shayar da jaririyar, matan gidan na kai da kawo ba ta damu da su ba. Tana ɗaga ido ta gan ni, sai ta cire yarinyar daga nono, ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta har wuya. Mama, yarinyar da na goya, wadda muka yi wanka da bokiti ɗaya har na yi aure.

Ta ce, “Sannu da zuwa, Shugaba.” Ba ta ce Yaya ba.

Ta kawo mini ruwa a kofin baƙi. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi damina. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ta ce ba komai, ai aikina na yi. Da zagina ta yi da na sami abin kamawa. Jaririyar na ta tsala kukan yunwa, amma ba ta mayar da ita nono ba sai da na fita daga gidan. Ina bakin ƙofa na ji kukan ya tsaya.

Yanzu na gane kunyar da kike faɗa. Ba tsoron ido kawai ba ne, sanin cewa wanda ke kallonka ba zai rufe ka ba ne. Ni na koya wa Rahila wannan, kuma ban san yadda ake warware shi ba. Dattawa za su karanta wasiƙar nan, su yi abin da suka ga ya dace da ni. Ko sun sa ni a bencin baya shekara goma, ba na jin zai maido mini da ƙanwata.

Ya Ubangiji, kai da ka san inda kowa ya ɓuya, ka ji tausayina, don ba ni da abin rufe kaina. Ka raya jaririyar nan, ka ba Rahila mutanen da za ta sake a gabansu, ko da ba na cikinsu. Ka ba Mama hutawa, kada labarin nan ya kai gare ta. Amin.

Ni ce 'yarki, wadda ba ta gaje ki ba,
Saratu