Kaset Ɗin da Ka Ba Ni Amana

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Baba, ina rubuto maka ne daga Guangzhou, kuma a bainar jama'a, domin abin da zan faɗa na gaji da ɓoye shi.

Ka tuna kwalin kaset ɗinka? Guda talatin da ɗaya, kowane malami da nasa. Shekara da shekaru kana bin tsofaffin malaman elemantare da na yaƙi da jahilci gida-gida da 'yar rikodarka, suna ba ka labarin yadda suka koyar da yara karatu da Hausa. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kullum kana cewa, "Bakin tsoho ba ya jiran kowa."

Shekarar da za a yi wasannin Olamfik a Caina ka damƙa mini kwalin, ka ce tunda Caina babu abin da ba sa iyawa, in sa a juye muryoyin a faifai. Na karɓa da hannu biyu, har da cika baki.

Da na iso sai na tura shi ƙarƙashin gado a ɗakina na unguwar Xiaobei. Ni ɗan Kano ne, Baba. A gida in ka sa abu a adaka, jikanka ma zai tarar da shi yadda ka bar shi. Ban san nan akwai watannin da bango ke zufa ba, takalmi ma in ka ajiye kwana uku sai ya yi funfuna. Ga kuma maganar biza ta yi tsanani, kowa na hanzarin ya haɗa kayansa a kasuwar Canaan kafin a ce ya fita daga ƙasar. Kullum sai in ce gobe.

Duk ranar Juma'a in ka kira, bayan ka tambayi lafiyata sai ka tambayi kaset. Ni kuma in ce ana kan aiki. Sai ka sa mini albarka. Haka na riƙa karɓar albarkarka a kan ƙarya har Allah Ya yi maka rasuwa bayan ƙaramar salla.

Abin da ya tona ni, wani dattijo ne malamin Turanci da muka haɗa tebur a gidan abincin Musulmin Caina. Ba'amurke ne amma asalinsu Meksiko, ya ce Chicano suke kiran kansu. Ya ba ni labarin malamansa na jami'a, waɗanda suka sha duka suna yara don sun yi yaren iyayensu a makaranta, suka girma suka ƙare rayuwarsu wajen binciken yadda za a koyar da yaro da harshen uwarsa. Duk hutu sai ya koma ya naɗi muryarsu, kuma kowane naɗi sai ya ajiye shi wuri uku. Ni da rawar kai na ce ai mahaifina ma aikinsa ke nan. Ya yi murna, ya ce yana so ya ji, ko da ba zai gane ba. Taliyar da ke gabana ban iya ƙarasa ta ba.

Da la'asar na jawo kwalin. Gindinsa ya rage a ƙasa. Funfuna ta yi fari fat a kan zaren, sunayen da ka rubuta da jan biro duk sun narke. Na kai wa masu gyara uku a unguwar Liwan, kowanne ya duba ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu.

Guda ɗaya ne ya ɗan yi motsi. Na ji tarinka, na ji ka ce, "To Malam, bismillah, faɗa mana sunanka." Daga nan sai shuuu har ƙarshe. Ban san ko wane ne ba, Baba, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya.

Na gaya wa Inna wai a hanya kwalin ya ɓata. Yau za a karanta mata wannan, ta san gaskiya. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya jiƙan malaman nan talatin da ɗaya da na kasa riƙe ko sunan ɗayansu. Ka yafe mini, Babana.

Ɗanka,
Habibu