Tsaga a rufin hawa na uku

Talata, 9 ga wata, ƙarfe biyu da kwata na rana, a wurin gini.

Baba, ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ƙasar ta karɓe ni.

Sai dai abu ɗaya. Ƙa'ida ta ce sandunan da ke tokare da rufin kankare su kwana ashirin da ɗaya. A kwana na tara shugaban ma'aikata ya sa aka cire su, ya ce, "Ɗan boko, kankare bai san kalanda ba!" Ya miƙo takardar amincewa da cirewar, ni mai duba aikin na sa hannu. Yau na auna tsaga a rufin, tsawonta santimita arba'in. Gobe mutum shida za su yi filasta a ƙarƙashinta.

Kai magini ne, ka ba ni shawara, ka sa ni a addu'a. Kada Inna ta ji.

Ban san zurfin tsagar ba. Ban san ko za a saurare ni in na ce a dakata ba. Ban ma san ko bakina zai buɗu ba.

Ɗanka.