Ni na hana ɗana tafiya Biyetnam, wani ke shan zagin

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah admin a ɓoye sunana. Wanda zai zage ni ya haƙura ya kai ƙarshe tukuna, ni ma tun jiya nake zagin kaina, ban ga abin da ya gyara ba.

Zaman ƙasar nan wahala ne, kar wanda ya yaudare ku. Ina Longsight a Manchester, gadi nake yi a wani wurin ajiye kaya. Kafin nan na yi wanke-wanke a kicin, na yi sharar ofis. Ban wuce firamare ba, Turancina bai wuce na gaisuwa da ban haƙuri ba. In GP, wato likita, ya fara zuba, sai in yi ta gyaɗa kai, in fito ban san ko ƙwaya ɗaya ya ce in sha ko biyu ba. Babban ɗana shi ne bakina a ƙasar nan. Shi ke kiran council, wato ƙaramar hukuma, shi ke faɗa da mai gida in hitar ɗumama gida ta mutu. Ko da ya tafi jami'a a Birmingham, waya nake miƙa wa Bature in ce ga ɗana.

Bara ya gama digiri a Turanci. Ya ci gaba da zama a gidan haya na ɗalibai a Selly Oak, yana jera kaya a wani shago a Erdington, ya ce shi koyar da Turanci zai je yi a ƙasar waje. Ya nema har ya gaji. Makarantu su ga takardunsa su yi murna, a kunna bidiyo su ga fuskarsa, shi ke nan shiru. Wata mai makaranta ma cewa ta yi iyayen yara sun fi son ɗan asalin Ingila. Yaron da aka haifa a Manchester! Yaron da in ya yi Turanci sai ka rantse jikan wani direban bas ne na Stockport Road! Na ji haushi, wallahi na ji. Amma tunda gaskiya na zo faɗa, duk sanda aka ƙi shi sai in ji wani sanyi a ƙirjina.

Rannan ya zo gida yana ta washe baki. Ya ce, "Baba, wata makaranta a Biyetnam ta ce yes. Reference kawai ya rage." Na ce ina ne kuma Biyetnam, akwai masallaci, akwai naman halal? Ya zaro waya ya nuna min, duk ya riga ya duba. Abin ya ƙara ƙona min rai. Na ce, "Wato 'ya'yan wasu za ka je ka koya wa, ubanka yana nan ko sunan layinsa sai ya maimaita sau uku a waya?" Sai ya yi dariya. Ya ce, "Haba Baba, ai ba ka taɓa cewa in koya maka ba." Ku ji fa. Uba ne zai durƙusa ya roƙi ɗansa? Bai da ido ne? Duk shekarun nan bai ga yadda nake zufa a gaban 'yar yarinyar kanti ba?

Wanda ya sa a matsayin reference ɗin, wato mai ba da shaida a kansa, shi ne Malam Nura, ɗalibin bincike daga Zariya, mai koyar da yara karatu ranar Asabar a masallacinmu. Yarona ya daɗe yana taya shi duk sanda ya zo hutu. Malam Nura kuwa sanda ya sauka ƙasar nan bai san kowa ba, a falona ya kwana har ya samu ɗaki, tuwon gidana ya ci. Kawu yake ce min. Na san ba zai iya kallon idona ya ce a'a ba, shi ya sa na je. Na ce in sun kira ka, kar ka ba da shaida. Ya ce, "Kawu, yaron nan ya cancanta, wallahi ya fi ni iya yara." Na ce ban tambaye ka ba. Na ce ƙasar da ba dangi ba kowa, in ya lalace kai za ka amsa a gaban Allah? Na sa masa Allah a gaba alhali ni na san ba addinin yaron nake ji ba, kaina nake ji. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba zan yi masa ƙarya ba. Zan dai ce ba zan iya magana ba." Na sa ya yi alkawari ba zai ambaci sunana ba.

Suka kira, ya faɗi haka, suka janye aikin. Na ɗauka yaron zai ce launin fatarsa ne kamar kullum, ya haƙura ya nemi wani abu a nan kusa. Ashe wannan karon ba zai bari ba. Ya dinga bin matar da ta yi masa intabiyu har ta gaya masa mai shaidarsa ne ya ƙi magana.

Jiya Juma'a sai ga shi daga Birmingham ba sanarwa. Ana fitowa masallaci, mutane na neman takalma, ya tare Malam Nura. Da Turanci ya fara, ban kama rabi ba, sai ya juya Hausa don kowa ya ji. "Malam, me na yi maka? Ka ci abincin uwata, ka soke ni? Munafuki!" Malam Nura ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya sa takalminsa ya wuce. Ni kuwa me na yi? Na kama hannun yaron na ce ya isa, ba a yi wa malami haka. Ni fa! Kafin la'asar wasu iyaye sun fara cewa za su cire 'ya'yansu daga ajinsa, wai mai hassada ne. Yaron ko gida bai shiga ba, ya koma tasha. Uwarsa tana zuba min miya tana cewa, "Allah ya isa tsakaninmu da duk wanda ya tare wa ɗana hanya." Ta tsaya tana jiran in ce amin. Na ce miyar ta yi gishiri.

Haushin kowa nake ji. Haushin yaron da ya ga nisan duniya ya fi masa ubansa. Haushin Malam Nura, da ya buɗe baki ya tona ni da yanzu an gama. Haushin makarantun da suka wulaƙanta shi har ya zama wannan ɗayar ce kaɗai, ita kuma ni na kashe ta. In na faɗa, yaron nan ba zai sake ɗaga wayata ba, na san halinsa, irin nawa ne. In na yi shiru, bawan Allah zai rasa ajinsa da mutuncinsa saboda ya ji kunyata.

Yau da safe na kira wurin aiki na ce ba ni da lafiya, na hau mota zuwa Birmingham. Yanzu haka ina zaune a wani shagon shayi a Bristol Road, ina hango kwanar layinsu, ina danna wannan da yatsa ɗaya. Bai san na zo ba, bai taso daga aiki ba tukuna. Shayin ya huce, mai shagon ta fara kallona.

In ya ɓullo kwanar nan, in tashi in tare shi ko in bar shi ya wuce? Jama'a, me zan yi?