Muryar Mama a Allon Kwaikwayo

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ɗawainiya da tsofaffi? Ya maƙogwaron Mama, ya kuma Baba da rigimarsa? Allah ya saka miki da alheri, ke kika ɗauke mana nauyin gidan nan.

Na ga saƙonki cewa likita ya ce sai an yi wa Mama aiki, kuma bayan aikin ba za ta sake magana ba. Abin da ya fi tsaya min a rai Baba ne. Tun da kunnensa ya toshe, rabonsa da jin muryarta an kwana biyu, sai dai ya kalli bakinta ya yi ta gyaɗa kai, ko da faɗa take yi masa. Na'urorin kunnen da muka saya masa kuwa kin san a durowa suka ƙare, wai ba abin da suke jiyar da shi sai kukan fanka.

Kin tambaya yaushe tamu na'urar kunnen, wadda muke ƙerawa a wurin aiki, za ta fito. Gaskiya har yanzu ba ta da jiki. Allon da zai shiga cikinta, mai ɗauke da 'yar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa sauti, yana masana'anta ana ƙerawa. Don kada mu zauna zaman jira, abokin aikina Dogo ya gina kwaikwayonsa a cikin kwamfuta, yana bin littafin masu ƙera shi layi-layi. A kan wannan allon kwaikwayo nake rubuta manhajar da za ta tace hayaniya ta bar murya. Allo ne da ba ya zafi, ba ya ƙonewa, ba a kuma taɓa shi da hannu. Na zuba masa saƙon muryar da Mama ta turo min, da disasshiyar muryarta ta yanzu, na haɗa da ƙarar fanka da ta motoci. Wallahi ta fito tar, kamar tana zaune kusa da ni.

Ki rubuta wa Baba a takarda cewa in Allah ya yarda zai ji ta kafin ranar aikin. Ki ce Injiniyansa ne ya ce.

Ki gaishe su duka.
Yayanki

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Mama? Ina fata ke ma kina samun ɗan hutu.

Allon gaske ya iso, bai fi farcen babban yatsa ba. Muka taru a kansa kamar an kawo jariri. Na ɗora manhajar, ta tashi ba gardama. Dogo ya yi magana da muryarsa ta mai tallar kasuwa, ta fito. Na sa muryar Mama, sai shiru.

Kin san abin da ya faru? Allon gaske yana da wani siririn tsaki da ke zubowa daga layin batir zuwa makirfo. A allon kwaikwayo babu shi, don shi lissafi kawai yake kwaikwaya, ba wutar lantarki a cikinsa balle ta yi tsaki. Muryar Mama ta yi rauni har ta saje da tsakin, manhajar sai ta share su tare. In na kashe tacewar, tsakin ya binne ta. Na juya ta nan, na juya ta can, har idona ya yi ja. Dogo ya zo ya tsaya a bayana yana ba ni haƙuri, alhali ba laifinsa ba ne, littafin bai ce komai a kan tsaki ba.

Oga ya ce sai an sake zanen allon an mayar masana'anta. Na gaya masa ranar aikin Mama. Ya cire tabarau ya goge, ya ce masana'anta ba ta san uwar kowa ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ma ya fi min ciwo.

Kada ku ɗaga aikin saboda ni, likita ya fi ni gaskiya. Abu ɗaya nake roƙo, ki sa mata waya kusa da baki ta faɗa wa Baba duk abin da take so, ki turo min in ajiye. Takardar da kika rubuta masa kuwa, ban san yadda za ki karɓe ta ba. Kin ce a aljihun gaba yake yawo da ita.

Yayanki da ya rasa abin yi

Auta,

Ina gaisuwa. Alhamdu lillahi da aka fito lafiya. Ya ƙarfin jikinta? Kin ce ana gobe za a shiga da ita Baba ya ɗora yatsunsa a wuyanta tana magana, ya ƙi ɗaukewa har ta gaji. Ban iya ƙarasa karanta wurin a ofis ba.

Sabon allo ya zo, babu tsaki. Yanzu shi da na kwaikwayo bakinsu ɗaya. Ana ta murna, Oga har da dafa min kafaɗa.

Sai yau na iya buɗe saƙon muryar Mama zuwa ga Baba da kika turo. Na zaci za ta yi masa faɗan hular da yake bari a kan gado, ko ta nemi gafararsa. Ashe abu ɗaya take ta maimaitawa: “Baban yara, kana jina?” Sai ta yi shiru tana jira, ta sake tambaya. Ban san lokacin da na ce ina ji, Mama, ba. Dogo ya tashi ya ba ni wuri.

Zan taho da na'urar ƙarshen mako. Ki zaunar da Mama kusa da Baba in zan kunna masa saƙon, don ita kunnenta lafiya lau, kuma har yanzu ba a ba ta amsa ba.

Allah ya ƙara mata sauƙi.
Yayanki, Injiniyan Baba