Ƙafafun Baba a Mako Mai Tsarki

Litinin

Yayata ta kaina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya gida, ya maigidan, ya 'yan biyuna masu cinye min biskit? Ki gaida ƙawayenki, ki ce Auta na nan da ranta. Kar ki yi dariya don kin ga takarda. Kin san azumin da na ɗauka bana, kwana arba'in ba hira a waya sai aikin coci. Nemi kujera ki zauna, yau da magana a bakina.

Kin san tun rasuwar Mama Baba bai sake taka coci ba, shekara uku ke nan. To watan jiya Katikis, mai taimaka wa Fada limamin cocinmu, ya zo har gida, ya ce an sa sunansa cikin mutum goma sha biyun da Fada zai wanke wa ƙafa ran Alhamis Mai Tsarki. Yaya, da kin ga Baba! Ya ce shi ba ruwansa, amma washegari na kama shi yana goge farar rigar nan ta bikinki. Lahadi biyu a jere ya je Misa.

Jiya kuwa Uwar Zumunta, shugabar matan cocinmu, ta ja ni gefe, tana min murmushin nan nata na haƙori ɗaya. Wai an ɗan yi gyara, an sa mijinta a gurbin Baba. Wai bana za a nuna kai tsaye a shafin coci na intanet, har 'yan ƙasashen waje za su gani, kuma ƙafar Baba sai a hankali. Sai a hankali! Yaya, me ya cinye ƙafar Baba in ba siminti ba? Daɓen da take ƙwas-ƙwas a kai da dogon takalminta, wa ya zuba shi? Ba shi ba ne, ba ko takalmi?

Abin haushin, ni ce mai riƙe wayar ɗaukar bidiyon. Kuma tun safe mutum bakwai cikin sha biyun suka aiko a ajiye musu layi a shagonmu na gyaran farce, za a kankare musu kaushi a yanke farce. Wato sai mun wanke sannan Fada ya wanke. To me zai wanke, ƙamshi?

Ban gaya wa Baba ba tukuna. Ina tsoron in ya ji, shi da coci har abada.

Taki a fusace,
Auta

Laraba

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya, zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Ni dai lafiyar jiki kawai gare ni.

Akwai abin da na ɓoye miki. Ranar da Katikis ya zo, murna ta sa na karya azumina. Baba na gyangyaɗi a tsakar gida, na ɗauki hoton ƙafafunsa na ɗora a status, na rubuta, ga ƙafar da Fada zai sha aiki a kanta, da alamar dariya har uku. Wasa nake, Allah ya sani. Bayan minti ashirin na goge. Ashe Uwar Zumunta ta riga ta adana, shi ta kai wa kwamitin coci.

Kuma ba a bakina Baba ya ji ba. Mai chemist ne, mijin nata, ya tsaya a bakin aikinsu ya ba shi haƙuri, har da nuna masa hoton. Don Allah wane irin haƙuri ne wannan? Baba ya dawo, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ninke farar rigar ya mayar akwati. Na ɗauko roba da dutsen kaushi na ce bari in gyara masa, in je in roƙi Katikis. Ya janye ƙafarsa kamar na kawo wuta. Ya ce shi ya ɗauka masu datti ake nema, shi ya sa ya amsa. Tun daga nan ko gaisuwata da kai yake amsawa.

Yau da hannuna na kankare ƙafar Mai chemist. Laushi kamar ta jariri, yana waya yana ce min in bi a hankali yana jin cakulkuli. Uwar ɗakina ta ga yadda na riƙe almakashi, ta zo ta karɓe.

Ina jin haushin matar nan, ina jin haushin kwamiti, ina jin haushin wannan babban yatsan nawa da ba ya iya zama shiru. Ki sa ni a addu'a, don tawa ba ta wuce rufin ɗaki.

Ƙanwarki,
Auta

Juma'a Mai Kyau

Yayata,

Barkanmu da wannan rana. A gaida kowa da kowa.

Jiya Baba bai je ba. Na ɗauki bidiyon ƙafa ashirin da huɗu, duk sai sheƙi, ruwan da ya rage a roba ko sha za ki iya yi. Mutane na ta turo alamar zuciya. Ni kuwa Fada na karanta yadda Yesu ya ɗaura tawul ya durƙusa, ina tunanin almajiransa, mutanen da suka wuni suna yawo cikin ƙura, masunta ma. Ai ba daga shagonmu suka fito ba.

Na yi niyyar yau in juya wayar in faɗi komai kai tsaye, kowa ya ji. Har na haddace abin da zan ce.

Ƙarfe uku aka fara. Da aka zo sumbatar gicciye, inda kowa ke tuɓe takalmi ya bi layi, sai na ji an taɓa kafaɗata. Baba ne, cikin kayan aikinsa, da siminti har gwiwa. Bai kalle ni ba. Ya tuɓe takalman ya miƙo min duka biyun, dole na kife wayar a kan benci na karɓa. A hankali ya ce yau dai ai babu kwamiti.

Ya bi tsakiyar coci a kan daɓensa, bai yi sauri ba. Ya wuce ta gaban Uwar Zumunta, ita kuma ta dage da neman wani abu a jakarta. Mutum ɗari biyu a shafin coci ba abin da suka gani sai duhun katako, suna ta rubuto wai network ne. Na bar su.

Da muka fito ya ce in ciro masa farar rigar in goge, saboda Lahadi. Ya ƙara da cewa in na sake ɗaukar hotonsa, wayar za ta shiga cikin kwaɓin siminti. Na ce to, Baba.

Kar ki ɗauka na huce. Gobe ƙarfe goma matar nan za ta zo gyaran farcen bikin Ista, kuma uwar ɗakina ta ce ni zan yi mata. Ke da kika fi ni sanyin zuciya, kin taɓa durƙusawa gaban wanda kike ji kamar ki shaƙe? Ya kika yi da fuskarki? In takardar nan ta iso ki da wuri, ki kira ni kafin goma, wannan ai aikin coci ne.

Taki har kullum,
Auta